Ko Kun Sani? Ledar da Ke Zama Taki Ma Tana da Sharaɗi

Yawancin ledoji da kofunan da ake cewa suna zama taki, waɗanda ake sarrafawa daga sitacin masara ko rake, ba sa ruɓewa a jujin gida, domin suna buƙatar zafin masana'antar haɗa taki, kimanin digiri 58 a ma'aunin Salshiyos. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 13432 ta sharɗanta cewa kashi 90 cikin ɗari ya ruɓe cikin wata 6 a irin wannan yanayi. Jefa su cikin kwandon robar da ake sake narkarwa kuskure ne, don suna gurɓata ta. A Italiya ana haɗa su da ragowar abinci, amma inda hukumar kwashe shara ba ta karɓarsu, wurinsu kwandon sauran shara ne.