Furen Yini Ɗaya a Lambunan Manchesta

A unguwar Fallowfield ta birnin Manchesta, kamar sauran sassan Ingila, masu lambu suna shuka wani fure da masana ke kira Hemerocallis, wato kyawun yini ɗaya da harshen Girka. Yakan buɗe da safe, kashegari ya yanƙwane. Irin da ake ce wa Stella de Oro, gajere mai rawayan fure, wani Ba'amurke ne, Walter Jablonski, ya fito da shi a 1975. Sanyi da yawan ruwan sama ba su dame shi ba.

Abin da ke damun masu lambu shi ne wani ɗan ƙuda da aka fara gani a Biritaniya a 1989. Yakan saka ƙwai cikin tohon furen a Mayu da Yuni, tsutsotsi su cinye cikinsa, ya kumbura ya ruɓe tun bai buɗe ba. Feshin magani ba ya kai musu sosai. Sai dai a bi da hannu, a tsinke kumburarrun a ƙone, kada a zuba su cikin taki, domin a ƙasa tsutsar take ɓuya har baɗi. Sa'ar wannan iri ita ce yakan sake yin fure a Agusta, bayan ƙudan ya wuce.