Octavia Butler: Dalilin da ya sa har yau ake jimamin rasuwarta

A ranar 24 ga Fabrairun 2006, Octavia Estelle Butler ta yanke jiki ta faɗi a kusa da gidanta da ke Lake Forest Park a jihar Washington ta Amurka, kuma daga nan rai ya yi halinsa. Shekarunta 58. Masu bibiyar ƙagaggun labaran kimiyya, wato adabin da ke hasashen rayuwar gobe da duniyoyin da ba a kai gare su ba, sun yi juyayi a lokacin, amma jama'ar gari ba su san girman rashin ba sai daga baya. Abin lura shi ne yadda jimamin ke ƙaruwa da tafiyar shekaru maimakon ya dushe.

An haife ta a Pasadena ta jihar Kalifoniya ranar 22 ga Yunin 1947. Mahaifinta mai goge takalma ne, ya rasu tana ƙarama. Mahaifiyarta aikatau take yi a gidajen fararen fata, kuma takan kwaso wa 'yarta tsofaffin littattafan da iyayen gidan suka yar. Yarinyar tana da tsananin kunya, ga lalurar da ke sa haruffa su riƙa rikice wa mai karatu. Tana da shekara 12 ta kalli wani fim na halittun duniyar Mars, ta ga bai yi armashi ba, ta ƙudurta cewa za ta iya rubuta wanda ya fi shi. Shekaru da dama bayan haka tana tashi tun ƙarfe biyu ko uku na dare ta yi rubutu, gari na wayewa ta tafi neman na tuwo: wankin kwanuka, tallar kaya ta waya, har da aikin duba soyayyen dankali a masana'anta.

Fagen da ta shiga kuwa kusan na maza ne fararen fata, kuma jaruman labaransu ma haka suke. Butler ta shigo da baƙar mace ta ajiye ta a tsakiyar labari. A littafinta Kindred na 1979, wata matashiya mai suna Dana da ke zaune a Los Angeles a 1976 takan tsinci kanta a wata gonar bayi a Maryland a farkon ƙarni na 19, inda dole ta riƙa ceton ran ɗan mai gonar, mutumin da ya zama azzalumi, domin shi ne kakan kakanninta. In ya mutu da wuri, ita ma ba za a haife ta ba. Marubuciyar ta sha bayyana cewa abin da ya tunzura ta shi ne jin wani matashi yana kushe magabata saboda haƙurin da suka yi da wulaƙanci. Ita kuwa ta ga mahaifiyarta tana shiga gidajen mutane ta ƙofar baya, kuma da wannan haƙurin aka ciyar da ita.

A 1980 ta fitar da Wild Seed, wanda ya buɗe a ƙasar Ibo a shekarar 1690, da jaruma mai suna Anyanwu. Marubuciya Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, tana cikin waɗanda ke ambaton tasirin littafin a kansu. Lambobin yabo sun biyo baya, ciki har da Hugo a 1984 da 1985, sannan a 1995 ta zama ta farko a marubutan wannan fanni da ta samu tallafin gidauniyar MacArthur.

Sai dai babban abin da ya raya sunanta bayan mutuwa shi ne Parable of the Sower na 1993. Labarin ya fara ne a shekarar 2024, a wata unguwa mai katanga kusa da Los Angeles. Fari ya yi tsanani, ruwan sha ya fi fetur tsada, 'yan sanda ba sa zuwa sai an biya su, gobara kuma ta zama ruwan dare. Jarumar, Lauren Olamina, 'yar shekara 15 ce mai sunan zuri'a na Yarbanci. A ci gaban labarin da ya fito a 1998 har akwai ɗan takarar shugaban ƙasa da ke alƙawarin dawo wa Amurka da martabarta, taken da ya yi kama da wanda Donald Trump ya yi yaƙin neman zaɓe da shi a 2016.

Wasu sun riƙa kiran ta mai duba, amma wannan rage mata daraja ne. Ita da kanta ta ce ba ta san gaibu ba. Jarida take karantawa, ta dubi matsalolin da ake kawar da kai daga gare su, ta tambayi kanta inda za su kai nan da shekara talatin in aka bar su. A 2020, ana tsakiyar annobar korona, littafin ya shiga jerin waɗanda suka fi kasuwa na jaridar New York Times, burin da ta rubuta wa kanta a littafin ajiyar tunaninta amma ba ta ga cikarsa ba. Shekara 14 ke nan da binne ta.

A Maris ɗin 2021 hukumar NASA ta sanya sunanta ga wurin da na'urar Perseverance ta sauka a duniyar Mars. A Janairun 2025 kuma gobarar daji ta cinye dubban gidaje a Altadena, garin da kabarinta yake, abin da ya sa mutane suka sake komawa ga littafin na 1993.

Akwai kuma takaicin aikin da bai kammalu ba. Ta yi niyyar rubuta littafi na uku a jerin, Parable of the Trickster, inda mabiyan Olamina za su bar wannan duniya su zauna a wata. Ta fara shi sau da dama tana ajiyewa, ga hawan jini da magungunan da ta ce suna dakushe mata kuzarin rubutu. Daftarorin suna cikin takardunta da ta bar wa ɗakin karatu na Huntington a Kalifoniya, inda masu bincike ke zuwa suna karanta mafarin labarin iri-iri, babu ko ɗaya da ya kai ƙarshe.