Sauya Tagogin Tsohon Gida A Toranke: Abin Dubawa Kafin A Sayi Ta Roba

A garin Toranke da ke cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi, kamar sauran garuruwan ƙasar Gaya a gabashin Jihar Kano, gidaje da dama na ƙasa ne waɗanda aka shafe da siminti, aka rufa da kwano. Ma'aikacin gwamnati ko malamin makaranta da ya gaji irin wannan gida, in ya tashi gyara, taga ce ke fara ba shi wahala: ta katako gara ta cinye ta, ta ƙarfe ta yi tsatsa, mai gilashi jere-jere kuwa ba ta hana ƙurar hunturu shiga. Ga shi kuma wata ta shigo kasuwa, watau tagar roba mai tauri wadda ake kira uPVC.

Ita dai wannan taga ba baƙuwa ba ce a duniya. A ƙasar Jamus aka fara ƙera ta a shekarar 1954. Amfaninta a fili yake: gara ba ta cin ta, ba ta tsatsa, ba ta bukatar fenti, sa'an nan ba ta ɗaukar zafi kamar alminiyam, domin alminiyam ya fi ta saurin isar da zafi wajen sau dubu. Amma tana da hali nata, wanda ya wajaba mai gida ya sani kafin ya fid da kuɗinsa.

Abu na farko shi ne rana. A watan Afrilu zafin ƙasar Kano yakan kai digiri 40, da daren hunturu kuwa ya sauko ƙasa da 15. Roba tana miƙewa da zafi, tana tsukewa da sanyi, kusan ninki uku na alminiyam. Tagar da faɗinta ya kai mita 1.2 tana iya motsawa milimita 2 zuwa 3 tsakanin bazara da hunturu. Saboda haka ake barin rata kamar milimita 5 a kowane gefe, a cike ta da abin liƙi mai laushi. In aka danƙare ta da siminti, sai ta lanƙwashe, marfin ya ƙi rufuwa. Haka kuma fara ta fi dacewa da wannan ƙasa, domin mai duhu tana tara zafi. Wadda ba a sa mata isasshen sinadarin kariya daga rana ba takan koma ruwan ɗorawa, ta yi gautsi, ta tsage.

Na biyu shi ne bango. Tagar roba ba ta ɗaukar nauyi, kuma ƙusa ba ta kamawa a tubalin ƙasa. A tsofaffin gidaje sau da yawa katakon tsohuwar tagar ne ko azara ke riƙe da ginin da ke samanta, in aka zare ba tare da tokari ba, bango ya tsage. Dole ne magini ya fara zuba linta, ya kewaye ƙofar tagar da siminti ko bulo, ya karkata dakalinta waje domin ruwan watan Agusta kada ya kwanta ya jiƙa ƙasa. Bayan ya bushe a yi awo a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a ɗauki mafi ƙanƙanta, gama bangon hannu ba ya rasa karkata. Da rani ya kamata a yi wannan aiki.

Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne iska. Tsohuwar taga, da duk aibinta, tana barin iska ta ratsa ko tana rufe. Ta roba kuwa tana toshe ɗaki ruf. Wannan alheri ne ga mai tari lokacin ƙura, amma haɗari ne ga iyalin da ke shigar da kaskon gawayi ɗaki da dare, domin iskar gawayi ba ta da wari, tana kuma kashewa cikin barci. Bugu da ƙari, cunkoso a ɗakin da iska ba ta wucewa yana taimakon yaɗuwar sanƙarau, cutar da ta hallaka fiye da mutum dubu 11 a Nijeriya a 1996, Kano na cikin inda ta fi tsanani. Don haka a lura: taga mai zamewa rabinta kaɗai ke buɗewa, mai marfi kuwa tana buɗewa duka. Ma'aunin da masana gini suka saba bi shi ne girman tagogi ya kai kashi 10 cikin 100 na faɗin daɓen ɗakin. A haɗa da ragar sauro, sandunan ƙarfe na tsaro kuma a kafa su cikin bango, ba a jikin roba ba.

Wanda ya je saye a birnin Kano, ko a Kasuwar Ƙofar Ruwa ko wurin masu haɗa tagogi, ya nemi a nuna masa yankakken guntu. Ya duba ko cikinsa na da ramuka da yawa, da ƙarfen da ba ya tsatsa a tsakiya, ya duba ko kusurwoyin narke su aka yi aka haɗa. Ya tambayi shaidar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, watau SON, ya karɓi rasiɗi. Ya kuma tambayi inda zai sami makulli da hannu in sun lalace, gama mai walda na ƙauye yana iya gyara tagar ƙarfe, amma ta roba in ta karye sai an koma birni.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. In kuɗi bai isa duka gida ba, gara a fara da ɗakunan kwana da bangon gabas, inda iska da ruwan damina suka fi duka, sauran a bar su zuwa wani ranin.