Wuƙar Aljihu Mai Matsakaicin Farashi: Aibin da Za a Yafe da Wanda Ba Za a Yafe Ba

Wuƙar da ake sawa a kube ƙarfe ɗaya ce tun daga tsini har cikin mariƙi, shi ya sa ba ta da wata gaɓa da za ta ci amanar mai ita. Wuƙar aljihu mai naɗewa kuwa ƙaramar na'ura ce. Ruwanta yana juyawa ne a kan ƙusa guda, sannan akwai sakata da ke riƙe shi idan an buɗe. Yatsun mai yanka suna daidai kan hanyar da kaifin zai bi in sakatar ta saki. Saboda haka tambayar irin gyaran aikin da ya kamata a sa rai da shi a wuƙar da ba ta araha ba, ba kuma ta masu hannu da shuni ba, ta wuce maganar ado.

Babu masana'antar da ke iya fitar da sassa biyu masu girma ɗaya tak. Abin da injiniyoyi ke yi shi ne ƙayyade iyakar kuskuren da za a lamunta, kuma duk lokacin da aka matse wannan iyaka sai kuɗin aiki ya hau, domin ana buƙatar injuna masu tsada da ƙarin bincike. A nan ne farashi ke shigowa. Sai dai kuskure kaɗan a wurin ƙusa yakan girma kafin ya kai tsini. Alal misali, idan wurin da ruwan wuƙa ya dogara a gefen ƙusa ya kai milimita 10, tsawon ruwan kuma milimita 80, to sarari na milimita 0.1 zai sa tsinin ya riƙa lilo da kusan milimita 0.8. Don rage wannan ne ake sa siraran faya-fayai na tagulla ko na roba mai santsi a gefe biyu na ruwan, wasu kamfanoni kuma su sa ƙananan ƙwallayen ƙarfe.

Sakata iri-iri ce. Kamfanin Opinel, wanda Joseph Opinel ya kafa a Faransa a 1890, ya ƙara wa wuƙarsa zobe mai juyawa a 1955, wanda ke tare ruwan kada ya rufe. Wuƙar Buck 110 da ta fito a Amurka a 1964 ta shahara da sakatar baya, wato ƙarfe mai ƙugiya da ke faɗawa cikin wani gurbi a gindin ruwan. A wajen 1980 kuma maƙerin Amurka Michael Walker ya inganta sakatar ciki, inda wani faifan ƙarfe ke zamewa ya tokare gindin. Ko wace iri ce, sharaɗin ɗaya ne: bayan an buɗe, kada ruwan ya motsa sama ko ƙasa.

Akwai kuma ingancin da ido ba ya gani, wato horon da ƙarfe ya sha a wuta. Ana auna taurinsa da ma'aunin Rockwell, kuma akasarin wuƙaƙen aljihu na kirki suna tsakanin 55 da 60. Ƙarfen da bai kai ba yakan dakushe da wuri, wanda ya wuce kima kuma bakinsa yakan ɓantare. Ƙarfen da ba ya saurin tsatsa shi ne mai ɗauke da sinadarin kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari.

To, me mai saye zai yafe? Ɗan ƙarzane a jikin mariƙi, ko ruwan da ya ɗan karkata gefe idan an rufe amma bai goga bango ba, ko kaifin da gefensa ɗaya ya ɗan fi ɗaya faɗi, duk waɗannan ba sa hana aiki, na ƙarshen ma dutsen washi ke gyara shi. Mariƙin katako na Opinel yakan kumbura da laima har ruwan ya yi tauri wajen buɗewa. Wannan halin itace ne, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da ba za a yafe ba guda uku ne. Na farko, sakatar da ke saki idan aka danna bayan ruwan da ɗan ƙarfi. Na biyu, tsinin da ke leƙowa waje bayan an rufe wuƙar, domin shi ke tsaga aljihu da yatsa. Na uku, lilon da ɗaure ƙusa ba ya kawar da shi.

Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki. A buɗe wuƙar, a kama bayan ruwan, a girgiza shi ta kowane gefe, yatsu na nesa da hanyar kaifi. A rufe, a ɗaga ta wajen haske a duba tsakiya, sannan a shafa yatsa a hankali ta inda tsinin ya kwanta. Wuƙar da ta ci wannan jarrabawa ta biya kuɗinta, ko da jikinta bai yi sheƙi ba.