Raunin Da Ba Ya Zubar Da Jini: Haƙƙin Tsofaffin Sojoji A Kanmu

Duk ranar 15 ga Janairu, Najeriya kan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya, domin a rana irin wannan aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. A yi fareti, a ajiye furanni, a saki tattabaru, sannan kowa ya kama gabansa. Waɗanda suka kwanta dama sun samu addu'a. To, waɗanda suka dawo da ransu fa, wa ke tambayar yadda suke kwana?

Mutanen Gombe ba sai an ba su labarin tashin hankali ba. Ba a manta da ranar 14 ga Fabrairu, 2015 ba, lokacin da mayaƙan Boko Haram suka kutso cikin gari, balle hare-haren Bajoga da Ashaka a 2014. Waɗanda suka tari irin waɗannan ranaku da ƙirjinsu 'ya'yanmu ne. Wasu sun yi Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, wasu Darfur, wasu sun shafe shekaru a dajin Sambisa da yankin Tafkin Chadi. Yau da yawa sun ajiye kaki, suna zaune cikinmu a Arawa, Malam Inna, Bolari, Pantami da sauran unguwanni. Wani gadi yake yi, wani noma, wani yana jan Keke Napep. Haka kuma akwai mafarauta da 'yan sa-kai da suka shiga daji tare da sojoji, ba albashin kirki, ba fansho.

Yadda ciwon yake

Mafi yawan waɗanda suka je fagen daga suna dawowa su ci gaba da rayuwa lafiya ƙalau. Amma akwai waɗanda yaƙin ke biyo su har gida. Za ka ga mutum a majalisa ba ya zama sai ya jingina da bango, idonsa na kan hanya. Taya ta fashe a titi, ko yara su harba nokawut lokacin bikin Sallah ko Kirsimeti, sai ka gan shi ya zube ƙasa yana haɗa gumi. Uwargida ta daina taɓa shi idan za ta tashe shi da Asuba, sai dai ta tsaya bakin ƙofa ta kira shi, saboda ta taɓa ganin yadda yake zabura da ihu. Ya daina zuwa suna da ɗaurin aure. Ɗan kukan yaro kaɗan sai ransa ya ɓaci. Idan aka tambaye shi, amsa ɗaya ce: "Ba komai."

Likitoci na kiran wannan ciwo PTSD a taƙaice, wato firgicin da ke zaunawa a ƙwaƙwalwa bayan mutum ya ga masifa. Manyan alamominsa huɗu ne: abin da ya faru ya riƙa dawo wa mutum a mafarki ko ido biyu, ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, ya kasance kullum a ɗarare, ba barci, ga saurin fushi, sannan zuciya ta mutu, ya riƙa zargin kansa don abokansa sun mutu shi ya tsira. Idan alamomin suka wuce wata guda suna hana shi harkokinsa, to abin ya zama na asibiti. Wani ma ba ya nunawa sai bayan watanni ko shekaru, musamman bayan ritaya, idan zaman banza ya haɗu da jiran fansho.

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. A filin daga, rashin barci mai nauyi da saurin zabura su ke ceton rai. Ƙwaƙwalwa ta koyi haka, ta kasa saki. Tamkar maigadi ne da ba a gaya masa ɓarayi sun tafi ba, yana ta busa usur har bayan gari ya waye.

Ba ragwanta ba ce

A wajenmu, da an ga irin wannan sai a fara raɗe-raɗi: "Ya zare." "Iska ce." "Alhakin jini ne ke bin sa." Turawa ma sun yi irin wannan kuskure, har ya fi namu muni. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, rundunar Birtaniya ta harbe sojojinta 306 bisa laifuka irin su tsoro da gudu daga fagen daga, alhali ana ganin da damansu firgicin yaƙi ne ya kama su. Sai a 2006 aka yi musu afuwa. A Amurka ma sai a 1980, bayan abin da aka gani a jikin waɗanda suka dawo daga Biyetnam, likitoci suka shigar da ciwon cikin kundinsu.

A nan gida, a watan Oktoba na 2022, wajen aza harsashin cibiyar kula da masu wannan ciwo ta rundunar soja a Abuja, Hajiya Aisha Buhari ta fito fili ta ce maigidanta, marigayi Muhammadu Buhari, ya yi shekaru yana fama da shi bayan yaƙin basasa da tsarewar da aka yi masa. Idan Janar zai kamu, kofur ba shi da abin jin kunya.

Ramuka uku da za a guje wa

Na farko shi ne kemis. Mai neman barci kan fara da ƙwayar dayazafam, mai neman mantuwa ya koma taramol ko giya. Kwana kaɗan ciwo ɗaya ya zama biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta gargaɗi likitoci kan ba mutumin da ya shiga firgici irin waɗannan ƙwayoyin sa barci.

Na biyu shi ne gidan mari. Mutumin da ya ga kisa da idonsa, a ɗaure shi da sarƙa a riƙa dukansa, ƙara masa azaba aka yi. Kowa ya ga abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019. Addu'a da karatun Alƙur'ani ko na Littafi Mai Tsarki suna sanyaya zuciya, babu mai hana su. Sai dai a haɗa da asibiti, kamar yadda ake yi wa mai hawan jini.

Na uku shi ne shiru. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Duk wanda ya fara cewa ya gaji da rayuwa, ko yana rarraba kayansa yana neman gafara ba gaira ba dalili, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da bindiga, wuƙa da maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai, a garzaya da shi asibiti a ranar.

Wane irin taimako ne ya cika taimako?

Ciwon yana da magani. Akwai zaman tattaunawa da ƙwararre, inda ake bi da mutum sannu a hankali har ya iya tuna abin da ya faru ba tare da jikinsa ya ɗauki rawa ba. Akwai kuma magungunan da likita ke rubutawa. Amma ba duk wanda ya kafa allo ya ce yana taimakon tsofaffin sojoji ne ya san aikin ba. A Ingila, hukumar lafiya ta buɗe musu shiri na musamman mai suna Op COURAGE a 2021, a Amurka kuma tun 2022 tsohon soja na iya kiran 988 ya danna 1 ya samu mai saurarensa dare ko rana. Mu ma muna da madogara: dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai jinya 'yancin a mutunta shi, a nemi yardarsa, a kuma rufa masa asiri.

Don haka kafin iyali su miƙa mutuminsu ga wata cibiya ko ƙungiya, su auna ta da waɗannan ma'aunai:

1. Mai duba shi yana da horo da lasisi, kuma ba ya jin haushi idan an tambaye shi.
2. Abin da aka faɗa a ɗakin likita ba ya fita, ba ya komawa bariki ko majalisa.
3. Babu duka, babu ɗauri, babu tilasta masa ba da labarin da bai shirya bayarwa ba.
4. An yi masa bayanin maganin da harshen da yake ji, da illarsa, da tsawon lokacin shansa.
5. An jawo matarsa da 'ya'yansa cikin jinyar, domin su ma suna ɗanɗana kuɗarsu.
6. An sa ranar dawowa, an kuma ba da lambar kira idan abu ya taso da tsakar dare.
7. Ba a ɗauki hotonsa ana neman tallafi da shi a Facebook ba tare da izininsa ba.

Wurin da ya kasa cika waɗannan, a canza sheƙa.

Ina za a dosa?

Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Barnawa ta Kaduna. Tsohon soja mai fansho ya bincika rajistarsa da DHML, kamfanin inshorar lafiya na rundunonin soja, ya kuma tuntuɓi reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion. Gaskiya ce ƙwararru sun yi ƙaranci: ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha nanata cewa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Shi ya sa dole a horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa su riƙa gane alamomin suna tura mutane gaba.

Mu kuma maƙwabta, a daina tambayar nan ta "Mutum nawa ka kashe?" Idan za a yi magana, a keɓe, a ce: "Yaya, na ga kwana biyu ba ka samun barci. Mu je a duba ka, ni zan raka ka." Sau da yawa tsohon soja ya fi jin maganar wanda suka sa kaki tare, don haka a nemo masa irinsa.

Kira ga rundunar soja shi ne ta riƙa duba lafiyar ƙwaƙwalwar kowane soja kafin sallama, ta kuma ci gaba da bibiyarsa bayan ya koma gida. Gwamnatin jiha ta sa mafarauta da 'yan sa-kai cikin lissafi. Limamai, fastoci da masu unguwanni su faɗa wa jama'a cewa wannan ciwo ne, kuma ana warkewa. Kai kuma mai karatu, idan akwai irin wannan bawan Allah a gidanku ko a layinku, kada ka jira sai abin ya ƙazanta. Ka je ka gaishe shi, ka saurare shi, ka raka shi asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.