Aikin famfo a gida: kowane tiyo da aikinsa

Gida sabo fil, amma ba a yi shekara ba bango ya fara jiƙa, fenti na ɓarewa, kuɗin ruwa na hauhawa. Sau da yawa laifin na tiyon roba ne da aka binne: an sa na ruwan datti a layin ruwan famfo, don ya fi araha.

PVC mai ruwan toka maras kauri na fitar da ruwan datti ne kawai: milimita 40 ga wurin wanke hannu, 100 ga masai. A ba shi gangare na santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, don kada ya toshe. Ruwan famfo kuwa yana zuwa da ƙarfi, sai tiyon da aka rubuta wa PN10 ko PN16. Ruwan zafi na buƙatar PPR, wanda galibi kore ne, ana haɗa shi da injin da ke kai digiri 260. PVC ba ya jure abin da ya wuce 60.

Zafin rana, daga Tawa har Damagaram, yana busar da PVC har ya tsage. Tiyon da ke hawa zuwa tanki a rufe shi ko a shafa masa fenti. Kada mai aiki ya lanƙwasa tiyo da wuta, ya sa gwiwa.

Kafin a yi shafe ko a sa karo, a saki ruwa, a rufe duk famfunan, a duba kwanta. In tana juyawa, akwai yoyo. Gyaransa a ranar ya fi fasa bango.