Maniyyaci, Ka Kula Da Sukarin Da Ba Ka Gani A Ƙasa Mai Tsarki

Idan ka zauna a teburin mai shayi a Tabanni ko cikin garin Birnin Gwari, a gabanka ake zuba sukari, kuma kana da damar cewa "ya isa haka". Haka ma uwargida in tana dama koko ko fura, idonta na kan cokali. To, daga ranar da ka bar sansanin alhazai na Mando a Kaduna ka sauka Saudiyya, sai a miƙo maka abin sha an riga an haɗa shi.

Shayin karak da ake sayarwa a kewayen Harami, yawanci da madarar gwangwani da sukari ake dafa shi tun a tukunya. A gidajen cin abinci irin su Al Baik, wanda aka kafa a Jidda a 1974, ana yawan haɗa kaza da dankali da burodi da lemon gwangwani. Ga bayin Allah masu rabon lemo da biskit da dabino sadaka. Ɗan Hausa kuwa yana jin nauyin mayar da hannun kyauta baya.

Ga lissafin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12, kuma rabin haka ya fi alheri. Gwangwanin Coca-Cola guda mai mililita 330 yana ɗauke da kusan giram 35. Busasshen dabino kuwa, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Ka ga kofin karak da gwangwani ɗaya sun kusa cinye maka rabon yini.

Su kansu Saudiyyawa abin ya dame su. A 2017 gwamnatinsu ta ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari kan lemo mai gas, a 2019 kuma ta wajabta wa gidajen abinci rubuta yawan kalori a jikin jerin abincinsu. Ka riƙa duba waɗannan lambobi kafin ka zaɓa.

Ka haddace kalmomi biyu na Larabci: "bidun sukkar", wato ban da sukari. In ƙishi ya taso, Zamzam na nan kyauta. In an ba ka sadakar lemo, ka karɓa ka gode, ka miƙa wa wani.

Mai ciwon sukari kuma, haɗarinka biyu ne. Banda hawa, sukari na iya faɗuwa ana tsakiyar ɗawafi ko sa'ayi, wanda shi kaɗai ya haura kilomita 3, musamman in ka sha magani ba ka ci komai ba. Da ka ji gumi da rawar jiki da jiri, ka tsaya ka ci dabino biyu ko uku. Ka ga likitanka tun kafin tafiya, ka riƙe maganinka a jakar hannu, ka kare allurar insulin daga zafin rana, kada kuma ka taka ƙasa mai zafi babu takalmi.

In mahaifiyarka ko mahaifinka ne zai tafi bana, ka zaunar da shi ka karanta masa wannan. Allah Ya kai lafiya, Ya dawo da su lafiya.